Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Mambobi: Teburin Gyaran Linux

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

A madadin kwamitin gudanarwa, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta yi a shekarar 2025. Lissafin shige da ficen kuɗi yana hannun ma'aji, zai gabatar da shi daban. Nawa ya shafi teburin gyara, wanda ya ci mafi yawan lokacinmu, da kuma horarwar da aka yi.

Aikin bana ya fi na bara yawa, dalilin kuwa a fili yake. Ranar 14 ga Oktoba kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, shi kuma Windows 11 ba ya yarda da kwamfutar da ba ta da TPM 2.0 (wani guntun tsaro a cikin na'ura) ko wadda injinta ya kwana biyu. Mutane suka riƙa zuwa da kwamfutoci masu ƙoshin lafiya waɗanda aka ce zamaninsu ya wuce, muka ɗora wa yawancinsu Linux Mint ko Ubuntu, nau'o'i biyu na tsarin Linux. Kafin nan, a watan Mayu, wa'adin tallafin Ubuntu 20.04 na yau da kullum ya ƙare, tsofaffin mambobi da suka daɗe a kansa dole suka matsa gaba. A watan Agusta kuma Debian 13, wani nau'in Linux ɗin, ya fito ba tare da hanyar girkawa a kan injin 32-bit ba, saboda haka masu irin waɗannan tsofaffin na'urori muka bar su a kan Debian 12.

Tun farkon shekara kwamiti ya yanke cewa duk matsalar da aka kawo a rubuta ta a littafi: irin kwamfutar, tsarin da ke kanta, abin da ya bayyana a allo, da abin da mai ita ya riga ya gwada kafin ya zo. Wannan gurbi na ƙarshe shi ya fi buɗe mana ido. Sau da yawa matsalar asali ba ta taka kara ta karya ba. Ɓarnar da ke cin awanni tana zuwa ne daga gyaran da mutum ya yi da kansa, ya kwafo umarnin da bai san aikinsa ba ya liƙa a taminal (tagar buga umarni), garin neman gira a rasa ido.

Wadda ta fi maimaituwa ita ce ta makullin apt, manhajar da ke girka sauran manhajoji. Mutum ya kunna kwamfuta, ya so girka wata manhaja, sai a ce masa ba a samu riƙe /var/lib/dpkg/lock-frontend ba, wani aiki na riƙe da shi. Galibi wannan aikin unattended-upgrades ne, yana sauke gyare-gyaren tsaro a bayan fage, kuma saƙon da kansa yana nuna lambarsa. Maganin kawai a jira ya gama. Amma sai mutum ya goge fayil ɗin ko ya kashe aikin da ƙarfi, manhajoji su tsaya rabi da rabi, sai mun bi da `sudo dpkg --configure -a` da `sudo apt -f install` kafin tsarin ya dawo hayyacinsa.

Haka masu koyon Python. Daga Debian 12 da Ubuntu 23.04 zuwa yau, pip, mai girka kayan Python, ba ya yarda ya zuba kaya cikin Python na tsarin, sai ya nuna externally-managed-environment. Kariya ce aka sa da gangan, domin manhajojin tsarin da yawa sun dogara da wannan Python ɗin. Wasu suka tsallake ta da --break-system-packages, alhali sunan kaɗai ya isa gargaɗi. Mun nuna musu `python3 -m venv` da pipx. Mafi muni su ne waɗanda aka hana su taɓa wani fayil, suka saki `chmod -R 777` a kan /etc ko /usr gaba ɗaya, wato suka buɗe wa kowa izinin fayilolin tsarin. Daga nan sudo kansa, umarnin da ke ba da ikon mai gudanarwa, yake ƙin aiki, domin ba ya amincewa da fayil ɗin izini da kowa zai iya rubutu a ciki. A nan ne kaɗai muka riƙa ba da shawarar a kwashe fayiloli a sake girkawa, don bin izinin dubban fayiloli ɗaya bayan ɗaya ba aikin da za a amince da sakamakonsa ba ne.

Akwai wata 'yar uwa cikin sababbin mambobi da ta zo da kwamfutar da ta tsaya cak a baƙin allo bayan sabuntawa. Har ta haɗa filas ɗin sake girkawa, ga aikinta na karatu a ciki, babu kwafinsa a ko'ina. Wanda ke kan teburi ya ce ta dakata. Ya sa ta kunna tana danna Esc, jerin GRUB na zaɓin tashi ya fito, ta zaɓi kanel (zuciyar tsarin) ɗin da ya gabaci sabon, kwamfuta ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ya ce ta rubuta `df -h` ta karanta da kanta. Ta bi layukan da yatsa har ta iso /boot, inda ake ajiye fayilolin tashi, ta ce, "Wannan ai ya cika." Faifanta a rufe yake da kalmar sirri, irin wannan girkin kuwa yana ware wa /boot ɗan ƙaramin sashe. Tsofaffin kanel sun taru a ciki, sabon bai samu wurin rubuta initramfs ɗinsa, fayil ɗin da yake buƙata wajen tashi, ba. Ta share tsofaffin da `sudo apt autoremove --purge`, ta sake gina fayil ɗin da update-initramfs. Hannunta ne a kan madannai daga farko har ƙarshe.

Kan wannan salon aka yi muhawara a kwamiti. Wasu suna ganin a karɓi kwamfuta a gyara da sauri layi ya ragu, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce, don masu jira sukan gaji. Ni ina tare da waɗanda suka ce mai kwamfuta shi zai riƙa bugawa, mu kuma muna gefe muna bayani. Littafin ya nuna waɗanda aka gyara musu suna kallo su ne ke dawowa da matsala iri ɗaya. A kan haka aka tsaya.

Katin hoto na NVIDIA ya ba mu aiki shi ma. Idan Secure Boot (saitin tsaron tashin kwamfuta) na kunne, kanel ba ya ɗaukar direba, wato manhajar da ke tafiyar da na'ura, in bai san sa hannunsa ba. Lokacin girka irin wannan direba akan nemi kalmar sirri, in an sake kunnawa wani shuɗin allo na MOK ya fito yana neman a yi wa makullin rajista. Mutane kan tsorata su wuce shi, direba ya ƙi hawa. Ba ma gaggawar cewa a kashe Secure Boot, musamman ga mai Windows a gefe da BitLocker mai rufe faifai, don taɓa wannan saitin kan sa a nemi lambar ceto wadda da yawa ba su adana ba.

Masu tsari biyu a kwamfuta ɗaya ƙorafinsu bai wuce biyu ba. Agogo yana sauyawa, saboda Windows yana ajiye lokacin gari a agogon na'ura, Linux kuma UTC, lokacin bai ɗaya na duniya. Sai faifan Windows da ke buɗewa a karanta kawai, ba a iya rubutu, wanda saitin Fast Startup na Windows ke jawowa. Dukansu gyaran mintuna ne. Ƙorafin Wi-Fi ya ragu a Debian tun da aka sa firmware cikin faifan girkawa a 2023, sauran kuma `lspci -k` ke nuna ko akwai direba ko babu.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne shekarun shawarar da ya samu. Sauti a Ubuntu ya koma PipeWire tun 22.10, amma har yanzu ana bin bayanin da aka rubuta don tsohon tsarin sauti, PulseAudio. Allo ya koma Wayland, Ubuntu 25.10 ma ya cire zaɓin GNOME a kan tsohon tsarin allo, Xorg, ga mutum yana fama da xrandr, umarnin Xorg, yana mamakin me ya sa ba ya tasiri. `echo $XDG_SESSION_TYPE` zai faɗa maka a kan wanne kake kafin ka ɓata dare.

A ɓangaren horarwa, darasin karanta bayanan tsarin ya fi samun jama'a. An koyar da `journalctl -b -p err` don ganin kurakuran wannan tashin, da `journalctl -b -1` don ganin abin da ya faru kafin kwamfuta ta mutu. An kuma kafa doka a teburi: ba a taɓa sashen faifan kowa sai an ga kwafin fayilolinsa a wani faifai daban. Timeshift yana mayar da tsarin baya, amma a saitinsa na asali ba ya ɗaukar fayilolin mutum, wannan aikin Déjà Dup ne ko makamancinsa.

Muna buƙatar ƙarin masu zama a teburi, ko da mutum iyakarsa rubuta matsaloli a littafi. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa.

An tsara fitowar Ubuntu 26.04 a watan Afrilu na 2026. Shawarar kwamiti ita ce a jira fitowar 26.04.1, don sai a lokacin ake miƙa wa masu tsohon LTS (fitowa mai dogon tallafi) tayin hawa. Babu abin da ke korar kowa: tallafin 22.04 ya kai 2027, na 24.04 kuma 2029. Mai zuwa teburi ya taho da caja, da faifan ajiya, da hoton saƙon kuskuren gaba ɗayansa, kuma kada ya share abin da `history` ke nunawa, don ta nan muke sanin abin da aka riga aka buga.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa