Godiya ga shagon da ya duba rubutuna kafin ya nuna mini alƙalami

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga mai shago da ma'aikatansa baki ɗaya. Wannan takarda da hannu na fara rubuta ta, da alƙalamin da na saya a wurinku, sannan na kwafe ta a kwamfuta don jama'a su gani. Ban saba yabon 'yan kasuwa a bainar jama'a ba, domin a ganina wanda ya karɓi kuɗinka ya miƙa maka kaya bai yi maka wata alfarma ba. To amma yabon gwani ya zama dole, kuma in na yi shiru a kan abin da na tarar a wurinku na zama butulu.

Sana'ata gyaran rubutu. Marubuci ya kawo aikinsa a buge, ni kuma in bi shi layi-layi, in sa gyara a tsakanin layuka da gefen shafi. Sau da yawa filin da zan yi rubutu a ciki bai kai faɗin farce ba. Duk wanda ya taɓa gyaran Hausa ya san fitinar haruffa masu lanƙwasa. Tsakanin ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b, 'yar ƙugiya ce kawai. Da zarar bakin alƙalami ya yi kauri sai ƙugiyar ta cushe ta koma ɗigo, mai buga rubutu ya rasa ko "ƙasa" na ce ko "kasa", ko "baƙi" ko "baki". Shekara da shekaru da biro nake fama, har dannawa ta fara sa mini ciwon yatsu da wuyan hannu. Shi ya sa na koma neman alƙalamin tawada mai baki siriri ƙwarai, irin wanda ake yi wa tambarin EF, wanda kuma zai tafi sumul ba tare da ya yaƙushi takarda ba.

Ashe na ɗauko wa kaina aiki. Cikin shekara biyu alƙalami uku na saya a wurare uku, ba kuwa zan ambaci sunan kowa ba. Na farko an buga masa EF ɓaro-ɓaro, amma layinsa ya fi na birona kauri. Da na koma, mai kantin ya ɗaga kafaɗa ya ce haka suke zuwa. Na biyu ya yi sirantar da nake so, sai dai in kana rubutu da shi ka ce kaza ce ke tono, har zaren takarda yake tsinkowa ya maƙale a tsagarsa. Wanda ya sayar mini ya ce in yi ta rubutu, zai saki jiki. Wata uku ina yi, ni ne na saki jiki, shi yana nan yadda yake. Na ukun ta intanet na saye shi. Shi kuma gardamarsa a farkon kalma take: ka ɗora shi a takarda ya ƙi zubo da tawada sai ka ja sau biyu ko uku. Na nemi a canja mini, aka ce ai tawada ta riga ta taɓa shi, ba a karɓa. Na tambaye su ta yaya mutum zai san alƙalami ba ya rubutu in bai sa masa tawada ba. Har yau ina jiran amsa.

Akwai ma wani kanti da na shiga inda alƙaluman ke kulle a cikin gilashi, ba a taɓawa balle a gwada. Yaron kantin ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba, ya nuna mini wani da baki ya ce shi ya fi tsada, don haka shi ya fi kyau.

Saboda haka ranar da na shigo shagonku da shirin faɗa na zo. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Da na ga wadda za ta saurare ni yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, na ce a raina yau ma an sake. Allah Ya yafe mini wannan zato.

Ban gama bayani ba ta ciro takarda ta ajiye a gabana ta ce, "Baba, ɗan rubuta mini layi biyu da alƙalamin da ke aljihunka, yadda ka saba, kada ka gyara hannu." Na rubuta da na biyun nan mai tono. Na lura ba takardar take kallo ba, hannuna take kallo. Sannan ta tambaya a kan wace irin takarda nake aiki. Aka yi sa'a akwai shafi ɗaya a jakata, ta karɓa ta shafa shi da yatsa, ta ɗaga shi ta duba a haske. Duk wannan ba ta ciro ko alƙalami ɗaya na sayarwa ba.

Abu na farko da ta warware mini shi ne wannan tambari na EF ba ma'auni ɗaya ba ne a duniya, kowane kamfani da nasa. Na Japan, irin su Pilot da Sailor da Platinum, sun fi na Turai siranta, har ma sau da yawa EF na Turai yakan yi daidai da F na Japan, wato bakin da ke bin EF a kauri. Dalili kuwa rubutun Japanawa ne: harafi ɗaya yana iya ɗaukar zane fiye da 20, kuma duk a ɗan ƙaramin gida za a cusa shi. Ta ja layi da Lamy Safari na Jamus, ta ja wani a gefensa da na Pilot, duka biyun EF. Gani ya kori ji. Babu wanda ke da aibi a cikinsu, kowa da irin rubutun da aka ƙera shi dominsa. Da mai kantin farko ya san wannan, da jimla ɗaya ta raba mu lafiya.

Sai ta faɗi maganar da ta sa na zauna sosai a kujera. Ta ce, "Baba, in gaya maka gaskiya, babu baki mai tsini irin wanda kake nema da zai yi maka santsin baki mai matsakaicin kauri. Duk wanda ya yi maka wannan alkawari kasuwa yake ci." Ta bayyana cewa ƙarfen da ke taɓa takarda ɗan mitsitsi ne, tawadar da yake zamewa a kanta ita ma kaɗan ce, don haka dole hannu ya ɗan ji takarda. Amma jin takarda daban, karta daban. Idan ka ja layi dama da hagu, sama da ƙasa, ka yi ta zana lamba 8, kuma ka ji jan iri ɗaya ne ta ko'ina kamar na fensir, to halin bakin ne. Idan kuwa ta gefe ɗaya yake cijewa, to ɓangarori biyun da tsaga ta raba ne ba su daidaita ba.

Ta karɓi nawa ta gwada, ta hagu kaɗai yake cijewa. Ta ɗauko ɗan gilashin da ke ƙara girman abu sau 10, ta duba, ta miƙo mini in gani da idona. Ɓangare ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo da abin da bai kai kaurin gashi ba, gefensa ne ke yankar takarda duk tsawon watannin nan. Da farcen babban yatsa ta lallaɓa shi, ta duba, ta sake lallaɓawa, ta zura wani ɗan fallen tagulla a tsagar ta fito da zaren takardar da ya taru. Ko minti goma ba a yi ba. Na ce ko za ta goge shi ya ƙara santsi, ta ce a'a, guga ita ce matakin ƙarshe, domin abin da aka goge ba ya dawowa. In an wuce gona da iri gefunan cikin tsagar sukan yi kumbo, tawada ta tsaya a sama ba ta taɓa takarda ba, alƙalami ya dinga ƙin tashi a farkon kalma. Nan take na gane ciwon na ukun da ke kwance a gida. Na nemi biyan ladan gyara, ta ƙi.

Ga shi ta gyara mini abin da zai iya hana ni sayen komai a wurinku, kuma ta san haka.

Duk da haka na ce sai na sayi mai bakin zinariya, don da wannan niyya na fito. Ta fito da su ba tare da ɓata rai ba, ta tsoma kowanne a tawada na gwada son raina. Akwai Platinum 3776 Century, wanda lambarsa tsawon dutsen Fuji na Japan ce a mita. Akwai na Sailor mai ɗan jan nan irin na fensir da masoyansa ke nema da gangan. Akwai na Pilot, wanda a hannuna ya fi su laushin tafiya. Amma ta ce in sani ba zinariyar ce ke taɓa takarda ba. A can ƙarshen baki akwai ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri da aka liƙa, wanda ake kira iridiyam ko da yake yanzu yawanci haɗin wasu ƙarafa ne, shi ke gugar takarda ko bakin na zinariya ne ko na ƙarfe. Zinariyar na iya ba da ɗan laushin lanƙwasa, ba ta kuma tsatsa, amma santsi daga yadda aka sassaƙa ƙwallon nan yake. Har ta nuna mini 585 da ake bugawa a jikin mai karat 14, wato kashi 585 cikin 1000 zinariya ce.

Shawararta ita ce in fara da Pilot Kakuno mai bakin ƙarfe, in yi wata guda da shi, in ga ko sirantar ta yi mini. Alƙalami ne da aka yi don masu koyo, har da 'yar fuska mai murmushi a jikin bakinsa don yaro ya san wane gefe ke kallon sama. Na ce haba 'yar nan, da furfurata? Ta yi dariya ta ce marubutan da nake yi wa gyara ba fuskar za su gani ba, layin za su gani. Sai an gwada akan san na ƙwarai, na gwada, na ja ƙ da ɗ da ɓ a tsakanin layuka biyu na shafina, kowace ƙugiya ta fito tsaf.

Kan tawada ma ta daɗe da ni. Bakin alƙalami guda ta tsoma a tawada iri biyu, sai ka rantse alƙalami biyu ne. Mai yawan gudu irin Iroshizuku ta fi sa shi zamewa, mai ƙarancin gudu irin Pelikan 4001 ta fi riƙe layi siriri a takarda mai shan ruwa irin ta buga rubutu, wadda ita ce tawa. A takarda mai kyau irin ta kamfanin Rhodia duka biyun lafiya lau, amma ta ce tun da ba ni ke zaɓen takardar aikina ba, in zaɓi tawada don takardar da nake da ita. Ta gargaɗe ni kada in kuskura in sa masa tawadar zane mai ƙaro, za ta toshe hanyar tawadar. Sai kuma laifina ni kaina, wanda ta faɗa cikin ladabi: hannuna ya saba da biro, ina danna alƙalami kamar ina binsa bashi. Alƙalamin tawada kuwa nauyinsa kaɗai ya ishe shi rubutu, kuma dannawa na daga cikin abin da ke karkata baki siriri. Mai yiwuwa ke nan ni ma ina da hannu a ciwon na biyun, kodayake wanda ya sayar mini bai ko duba ba.

Sauran hidima, naɗe kaya da rasit da sauransu, an yi yadda ya kamata.

Abin da ke ci mini rai shi ne me ya sa wannan ya zama abin mamaki. Sailor tun 1911 take wannan sana'a, Pilot tun 1918, Platinum tun 1919. Mutane sun shafe fiye da shekara ɗari suna wahala a kan ɗan tsinin da bai kai rabin milimita ba, sannan kayan ya ƙare a hannun wanda bai taɓa cire murfinsa ba, bai kuma yarda mai saye ya cire ba. Ba alƙalami kaɗai ba. Je ka sayen tabarau, ko agogo, ko waya, za ka tarar da mai sayarwar da bai san kayansa ba kuma tambaya haushi take ba shi. Ka ce me ya bambanta wannan da wancan, ya ce wannan sabon fitowa ne. Ka dawo da matsala, ya nuna maka rubutun da ke jikin bango cewa kaya in ya fita ya fita. Ban ɗora laifin duka a kan yaran kanti ba, yawancinsu ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Masu kantin ne suka ɗauka cewa jera kaya a gilashi shi ne kasuwanci. A wurinku na ga alamar akwai wanda ya koyar, ya kuma ba ma'aikaciya damar ta ce wa mai saye kada ya sayi mai tsada tukuna. Mai shago, wannan yabon naka ne. Ita kuwa ban tambayi izinin sa sunanta ba, amma kun san ta: ita ce mai gilashin dubawa rataye a wuya. Allah Ya yi mata albarka, Ya ƙara wa kasuwarku buɗi.

Watan ya cika tun makon jiya. Na gyara littafi guda da rabi, mai buga rubutu bai kira ni ko sau ɗaya ya tambayi wane harafi ne ba, yatsuna kuma sun huta. Ina nan tafe da na ukun a duba shi. Kuma ta ambata mini wani bakin Pilot da ake kira PO, mai ɗan duƙawa ƙasa, wanda aka yi don rubutu siriri a takarda marar kyau. In akwai shi, don Allah a ajiye mini ɗaya in gwada, zan zo da shafina.

Wassalam.

Naku,
Wani mai gyaran rubutu