Sanarwa: zaman karatunmu na ranar Asabar

Assalamu alaikum malamai da ƴan uwa. Da fatan an wuni lafiya.

Zamanmu na wannan wata zai kasance ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 8:30 na dare, ta kiran murya a nan cikin rukuni. Batunmu shi ne taƙaddamar masana falsafar Faransa bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Za mu fara da laccar da Jean-Paul Sartre ya yi a Faris a watan Oktoban 1945, inda ya nuna cewa zaɓin mutum ne ke gina shi, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Sai ɓatawarsa da Albert Camus a 1952. Camus ya ƙi yarda a zubar da jini da sunan juyin juya hali, mujallar Sartre ta caccake shi, abota ta watse. A nan nake so mu daɗe, don ni dai ina ganin ba a kyauta wa Camus ba. Idan lokaci ya rage, mu leƙa Claude Lévi-Strauss, wanda ya ƙalubalanci Sartre a 1962, yana ganin tsarin harshe da al'ada ne ke juya tunanin mutum. Batun Michel Foucault kuwa, wani masanin falsafar Faransa, sai wani jiƙon.

Kowa ya karanta shafuka goman da na turo jiya, ya zo da tambaya ɗaya a rubuce. Ƴan uwanmu na Damagaram da Maraɗi, don Allah ku taimaka mana da furta sunayen nan, wancan karon mun sha dariya. Wanda ba magana yake ba ya kashe makirufo, ƙarar janareta ta hana mu jin juna a zaman baya. Mai uzuri ya sanar kafin Juma'a.

Allah ya ƙara mana basira, ya kai mu lafiya.

Naku,
Mai kula da rukuni