Ƙanwar mijina ta ɓata min kek, ni aka ɗora wa laifi

Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana.

Har yanzu raina a ɓace yake. Ƙanwar maigidana ce ta kunyata ni a gaban Hajiyarsu saboda kek, ni da nake yin sa tun ba ta iya fasa ƙwai ba.

Anti, kwaɓin kek yana da ƙa'ida. Bota da sukari ake fara bugawa har su yi fari, domin iskar da ke shiga a lokacin ita ke taimaka wa kek ya tashi. Sai ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kuma ba mai sanyin firji ba, don shi ke sa kwaɓi ya tsinke. Fulawa kuwa da zarar ta shiga an gama bugu, sai juyawa a hankali har garin ya ɓace. In aka matsa mata, sinadarin gulutin da ke cikinta ya yi danƙo, kek ya fito da tauri. Ko fankek haka yake, gara a bar 'yan gudaji a kwaɓin ya ɗan huta da a buge shi ya yi sumul.

To ina gama zuba fulawa aka kira ni a waya. Kafin in dawo ƙanwar maigidan nawa ta kunna injin bugawa ta ƙure gudunsa, wai ta ga gudaji. Na yi shiru saboda kunyar Hajiya. Af, ban faɗa miki ba, Hajiyar ce ta sa ni yin kek ɗin saboda baƙinta. Kuma yarinyar nan ce dai ta riƙa buɗe obin tana leƙe, bayan na saita zafinsa a digiri 180 na ce kada kowa ya taɓa.

Kek ya fito tsakiyarsa a lotse, gefensa kamar roba. Ana yankawa ta yi caraf ta ce bekin fodata ce ta mutu, wai gwangwanin ya daɗe. Ko ya daɗe, ai da ita na yi fankek da safe kuma ya tashi, ita ma har ƙari ta yi. Dama ba yau ta fara ba, komai na dafa sai ta taɓe baki.

Maigida ya ce in yi haƙuri yarinya ce. Wace irin yarinya, wadda ta kusa gama jami'a?

Na san in aka zuba hodar a ruwan zafi ta yi kumfa, lafiyarta ƙalau. In gwada a gabansu ne, ko Hajiya za ta ɗauka raini ne? Don tun daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa ni da Hajiya, kuma ina zargin akwai abin da aka faɗa mata bayan na tashi. Anti, ta yaya zan hana yarinyar nan shiga min kicin ba tare da an ce na kori dangin miji ba?