A koya wa ɗalibanmu haɗa sabar da ta dace da netwok ɗinmu

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu rubuta manhaja, musamman malaman da ke koyar da kwamfuta a manyan makarantunmu.

Ina aiki ne a wani shagon buga takardu a Zariya, to lokacin firojet ɗalibai kan cika mu da filash mai ɗauke da bairos, shi ya sa na zauna na haɗa 'yar ƙaramar sabar, wato manhajar da ke karɓar buƙatun masu shiga shafi tana amsa su, da yaren rubuta manhaja na Python a kan wata tsohuwar kwamfuta mai ram giga 4, kowa ya turo fayil ɗinsa daga waya mu buga masa. Yadda aka koya mana haka na yi, duk wanda ya shigo a ware masa zaren aiki guda, wato thread, kamar ma'aikaci ɗaya da zai kula da shi kaɗai, na ware ashirin. Sati bai cika ba abu ya cije. Yarinya ɗaya tana turo fayil mai mega 30 da netwok mai sanda ɗaya, minti goma tana riƙe da zare, kwamfutar ba abin da take yi sai jira, mutum na ashirin da ɗaya kuwa yana waje wayarsa sai juyawa take yana kirana wai shafinku ya mutu.

Wallahi a teburin mai shayi na gane matsalar. Ya ɗora indomi, bai tsaya yana kallon tukunya ba, ya fasa ƙwan wani, ya haɗa wa wani shayi, ya yanka burodi, indomi na nuna ya koma kanta. Mutum ɗaya ne fa amma ba wanda ya bari a tsaye. Haka tsarin asyncio na Python da na koma kansa yake, zare ɗaya ne yake zagayawa, duk layin da bayanansa ba su iso ba a ajiye shi a duba na gaba, a Linux kuma wani ɓangaren tsarin mai suna epoll ke sanar da shi wanne ne ya shirya. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1999 Dan Kegel ya yi rubutu kan yadda sabar ɗaya za ta riƙe mutum dubu goma lokaci guda, manhajar sabar Nginx da Igor Sysoev na Rasha ya fitar a 2004 kan wannan tsarin aka gina ta, haka Node.js a 2009, Python ma ta samu async da await, kalmomin da ake rubuta irin wannan tsari da su, a 2015.

Amma kar wani ya ɗauka daga rubuta await shikenan. Abu biyu sun ba ni wuya. Ina tura wa mai saukewa bayanai ban jira drain ba, wato umarnin da ke sa a dakata har bayanan da suka taru su ragu, sai sabar ta yi ta karanto fayil tana tarawa a ram tunda wayar mutumin ba ta iya karɓa da sauri, kafin la'asar kwamfutar ta sanƙare. Sannan karanta fayil daga hadis, shi asyncio ba ya yi maka wannan jiran, in ka kira read kai tsaye a kan babban fayil kowa ma sai ya tsaya, dole ka yanka shi gutsi-gutsi, ni kilobait 64 nake yi, ka miƙa wa wani zare na gefe ya karanto.

Abin da ya fi damuna shi ne katsewa. A nan netwok na ɗaukewa, wuta na ɗaukewa, data na ƙarewa ana tsakiyar turawa, kuma kuɗi ne mutum ya sa. HTTP na da Range, mai saukewa zai ce ci gaba min daga bait kaza, sabar ta amsa da lamba 206, ba sai an faro daga farko ba. Wajen turowa kuma ina ajiye fayil da sunan wucin gadi, sai SHA-256 ɗinsa, wato lambar tantancewa da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil, ya yi daidai da na ainihin fayil ɗin nake ba shi sunansa na gaskiya, don kar mu buga wa ɗalibi rabin firojet.

Duk wannan ba a aji na koya ba, kuma yaran da ke zuwa mana aitii har yanzu a kan laftof ɗinsu kaɗai suke gwada sabar, inda komai ke wucewa nan take. Ina roƙon malamai su sa wannan a darasi, ranar gwaji kuma a rage gudun netwok da gangan, a zare waya ana tsakiyar tura fayil, sannan a ba da maki.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Mai karatunku,
daga Samaru, Zariya