Godiya ga masu gadin na'urorin ƙungiyarmu

Zuwa ga Manaja da ɗaukacin ma'aikatan ofishin fasahar sadarwa da ke Dutse, waɗanda ke kula da tsarin awo da biyan kuɗi na ƙungiyarmu ta manoman shinkafa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, shugabannin ƙungiya ne suka ɗora mini alhakin rubuto muku wannan takarda, kuma suka ce a fitar da ita fili kowa ya karanta. An gama karɓar shinkafar rani a rumbunanmu na Auyo da Hadejia da Kafin Hausa, an rufe lissafi, ba a samu buhun da aka shigar sau biyu ba, ba a samu manomin da aka biya kuɗin wani ba. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin ƙungiya lokacin kaka ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mafi yawan membobinmu abin da suka sani shi ne akawu ya danna waya, rasit ya fito. Ni da nake zuwa ofishinku ina damunku da tambaya na ɗan leƙa abin da ke bayan labule, shi ne nake so in faɗa wa jama'a, don su san me ake gode muku a kai.

Matsalarmu ta asali ita ce muna karɓar kaya a wurare uku a lokaci guda, amma asusun kowane manomi guda ne. Idan akawun Auyo yana cire bashin takin wani bawan Allah, bai kamata akawun Hadejia ya iya taɓa wannan asusu a daidai wannan lokaci ba. Dole a samu mai raba gardama, wanda zai ce wane ne ke riƙe da makulli yanzu. Kun ba wannan aiki ga wata manhaja mai suna ZooKeeper, wadda aka fara ƙirƙira a kamfanin Yahoo na Amurka kafin ta koma hannun gidauniyar Apache. Kun ɗora ta a kan manyan kwamfutoci uku da ke wurare daban-daban. Su ukun suna zaɓar jagora a tsakaninsu, kuma ba a tabbatar da wani rubutu sai biyu daga cikinsu sun ajiye shi. Saboda haka in ɗaya ta mutu, aiki na ci gaba. In biyu suka mutu, ta ukun ba za ta yarda ta yanke hukunci ita kaɗai ba, sai komai ya tsaya cak.

A nan ne gizo ke saƙa, kuma a nan ne kuka ci kuɗinku da halal. Ranar da kwamfuta ɗaya ta faɗi, babu akawun da zai gane. Rasit na fita, sikeli na aiki, kowa na harkarsa, alhali saura ƙiris mu faɗa rami. Haka ta faru a tsakiyar zafin watan Afrilu, lokacin da batiran sola na ɗakin da ɗayansu take suka gaza da daddare. Mu muna barci. Saƙon gargaɗi ya shiga wayar injiniyan da ke kan aiki cewa jagora na ganin mabiyi ɗaya ne kacal maimakon biyu. Kafin a idar da sallar asuba ya kira mai gadinmu ya tayar da janareta, na'urar ta dawo ta kwafi abin da ya wuce ta. Da hantsi layin amalanke da a-kori-kura ya kai bakin titi, kuma babu wanda ya san an yi wani abu. Da an bar ta a haka har netwok ya yanke wa ta biyu, abin da ba baƙo ba ne a wajenmu, da an wuni da ɗaruruwan buhuna a rana ana jira.

Na taɓa tambayar Injiniya, ba a iya tambayar na'urar kawai ko tana lafiya? Ya yi dariya ya nuna mini. Akwai wata gajeriyar kalma, ruok, da ake aika mata, ita kuma ta amsa da imok. Amma amsar nan tamkar ta Bahaushe ce da aka gaida shi a gadon asibiti, zai ce maka lafiya lau. Abin da take nunawa kawai shi ne manhajar ba ta mutu ba. Ba ta nuna ko tana tare da 'yan uwanta ko an ware ta. Shi ya sa ba ku tsaya nan ba. Tun fitowa ta 3.6 a shekarar 2020, ZooKeeper na iya miƙa alƙalumanta kai tsaye ga Prometheus, wata manhaja da ke zagayawa tana tattara su a kai a kai, sannan ku zana su da wata manhajar mai suna Grafana a allon da ke rataye a bangon ofishinku. A wannan allo na ga tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta amsa buƙata, da yawan buƙatun da ke tsaye a layi, da adadin na'urorin da ke haɗe da ita, da kuma wace ce jagora a yanzu. Injiniya ya ce mini jagora dole ya zama ɗaya tak, kuma in aka ga jagoranci na yawan canja hannu to akwai abin da ke ciwo, domin duk lokacin da ake zaɓe ba a karɓar aikin kowa.

Wannan ma kun kama shi tun yana ɗanye. An yi wani mako da akawuna ke cewa waya na ɗan nauyi, muka ɗora laifin a kan sabis kamar yadda muka saba. Ku kuwa kun riga kun ga cewa faifan ajiyar ɗaya daga cikin kwamfutocin ya fara jan ƙafa. Ita wannan manhaja ba ta cewa ta karɓi rubutu sai ta tabbatar ya sauka a faifai, kuma in saukar ta wuce daƙiƙa ɗaya tana rubuta gargaɗi a littafinta. Kuka canza faifan a daren da ba a awo. A wannan karon ne kuma kuka kunna sharar tsofaffin kwafin bayanai, wadda na ji cewa a kashe take zuwa sai mai kula ya kunna ta da kansa, in ba haka ba su yi ta taruwa har faifai ya cika.

Abin da ya fi burge ni, a gaskiya, shi ne yadda kuka tace gargaɗin. Da farko wayata ma tana cikin masu karɓa, kuma duk ɗan motsin netwok sai ta yi ƙara, har na fara share saƙonnin ban karanta ba. Da na faɗa muku, ba ku ce ƙauyanci ne ya hana ni ganewa ba. Kuka zauna kuka raba su. Abin da zai iya jira har safe ya tsaya a ofishinku. Abin da ya kai a tashi mutum daga barci ya je wa injiniya, kuma sai matsalar ta ɗan jima ba ta warware ba. Mu kuma abin da ke zuwa mana da Hausa yake, kuma yana faɗin abin da za mu yi: a duba janareta, ko a koma rubuta rasit da hannu har sai an kira. Har mai sa idon ma kun sa masa mai sa ido, ta yadda in Prometheus ɗin ya yi shiru, shirun nasa kansa ya zama ƙararrawa.

Sai batun amana, wanda shugabanmu ya ce lallai in ambata. Bayan abin da ya faru da batira, kwamiti ya amince a saya muku kwamfuta ta huɗu don ƙarin kariya, kuɗi a hannu. Kuka ce mu riƙe kuɗinmu. Kuka bayyana cewa rinjaye a cikin huɗu uku ne, don haka huɗu ma faɗuwar guda ɗaya kawai za su iya jurewa, daidai da uku. Sai an kai biyar ake jure faɗuwar biyu, kuma girman aikinmu bai kai nan ba tukuna. Kuka ba da shawarar a zuba kuɗin a sababbin batira da layin intanet na biyu daga wani kamfani daban. Da wani ɗan kasuwar ne, da ya karɓe ya rubuto mana rasit, mu kuma mu yi ta godiya ba mu san komai ba.

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga Hajiya mai amsa waya, wadda ke haƙuri da dattawanmu in sun kira suna faɗa, da kuma matasan da ke hawa babur su shigo mana ko da hanya ta lalace da damina.

Muna da roƙo guda. Ƙungiya na shirin buɗe rumbu na huɗu kafin shinkafar damina ta shigo, kuma muna da yara biyu da suka gama karatun kwamfuta suna zaune a gida. Muna so ku karɓe su su zauna a gaban allon nan tare da ku, ko da kwana biyu ne a mako, ƙungiya za ta ɗauki nauyin kuɗin motarsu. In kun amince, ranka ya daɗe Manaja, sai ka sanar da ni ranar da zan kawo su.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi, Ya tsare ku a hanya.

Naku,
Sakataren ƙungiya, a madadin shugabanni da membobi,
Auyo, Jihar Jigawa.