Kar A Yanke Wa Mai Taɓin Ƙwaƙwalwa Magani Kwatsam

Malam Edita, salamu alaikum, ba ni fili in ja hankalin 'yan uwana na karkara. Ƙanena yana shan haloperidol, maganin taɓin ƙwaƙwalwa, tunda muka kai shi asibitin Dawanau a Kano, ya samu sauƙi har ya koma gona, sai Inna ta ce ai ya warke a daina, wallahi ba a rufa wata biyu ba ya daina barci yana surutu shi kaɗai. Maganin nan likita ne kawai ke rage shi, a hankali. In ana cikin shan maganin wuya ya sanƙare ko hannu na rawa a koma asibiti, kar a sayo Artane, ƙwayar rage sanƙarewa da rawar jiki, a kemis da ka. In zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sanƙarewar jiki kuwa, ranar a tafi ko a babur ne.

Mai karatu, daga ƙauyen Ɗambatta