Amsa ga Alhajin da ya ce duba nake yi da tsingaro

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Na ji tambayar da ka jefo mini a shirin rediyo na ranar Asabar, bayan na ce ana iya sanin shekarun tsingaron da ke warwatse a kufan Surame. Ka ce wa ya ba ni labari, ko ina wurin aka gasa tukunyar, ko kuwa duba nake yi da rigar boko. Ka ƙara da cewa kuɗin Turawa ke magana a bakina. Ta kuɗin ba zan tanka ba, duk wanda ya ga babur ɗina ya samu amsa. Ta duba ce ta ƙona mini rai, don a birnin Shehu ba a jifan malami da wannan kalma sannan a ce raha ce.

Ga dubana, Alhaji. A cikin yumɓu akwai ƙananan ƙwayoyin yashi masu ƙyalli. Ƙasar da tsingaro ke kwance cikinta, da shi kansa yumɓun, suna fitar da wani ƙarfi da ido ba ya gani, daga sinadarai irin su yuraniyom da fotashiyom, ƙwayoyin nan kuwa suna tara shi sannu a hankali. Ranar da maginiya ta toya tukunyarta, zafin wuta ya share duk abin da suka tara, lissafi ya fara daga sifili. A ɗakin gwaji sai a karce ɗan gari daga tsingaron cikin duhu, a zafafa shi zuwa kamar digiri 500, ya saki haske ɗan kaɗan, na'ura ta auna. Yawan hasken, a raba shi da abin da ƙasar wurin da yumɓun ke bayarwa a shekara, shi ne tsawon zamanin. Ba ya faɗin rana da wata, yakan zo da ragi ko ƙari, muna kuma rubuta hakan a fili. Wane boka ka taɓa ji ya faɗi iyakar kuskurensa?

In an dace da gawayi tare da tsingaron, sai a gwada shi da ma'aunin kabon 14 da Willard Libby ya ƙirƙiro, aka ba shi kyautar Nobel a 1960. Da shi aka gano kwalekwalen Dufuna na Yobe ya kai shekara 8000. Surame kuwa tarihi ma ya riga ya faɗa: birnin Kanta, Sarkin Kabi, ne na ƙarni na 16.

Abin mamaki, masu cewa gwajin ƙarya ne a rediyo, abokansu dillalai ba sa cewa haka a Faris. Mutum-mutumin yumɓu da ake haƙewa da dare a ƙasar Sakkwato, takardar wannan gwajin ce ke tsadar da su a can. An tumɓuke su babu ƙasar da suka kwanta ciki, babu wanda ya rubuta ramin da suka fito, rabin labarinsu ya tafi ke nan. Ban ce kana cikin cinikin ba, Allah ya kiyaye. Na dai lura ba ka taɓa kiran rediyo a kansa ba.

Naka,
Malamin da ka kira ɗan duba